Wane janareta ne zai tashi da asubahin hunturu?

Duk wanda ya taɓa jan igiyar janareta da asuba a watan Janairu, a Jos ko a Zariya, har kafaɗarsa ta yi tsami, ya san cewa ba girman inji kaɗai ake dubawa a shago ba.

Mu fara da mai. Injin dizal ba shi da filogi, matsewar iska ce ke haifar da zafin da ke kunna man. Idan ƙarfe ya kwana cikin sanyi sai ya shanye zafin nan, injin ya yi ta gurnani yana fitar da farin hayaƙi. Shi ya sa idan dizal za ka saya don shago ko injin niƙa, tambayi mai kaya ko yana da hita, wato abin da ke ɗumama cikin silinda kafin a tayar da inji. Na fetur ya fi sauƙin tashi da sanyi: ka rufe cok, wato abin da ke rage iskar da ke shiga inji, ka ja igiya, da ya kama ka buɗe. Ga gida mai fanka da fitilu da firiji ɗaya, ni shi zan zaɓa, ko da yake ya fi shan mai.

Sai maganar makulli da igiya. Makulli na da daɗi, amma sanyi na rage ƙarfin batir, musamman wanda ya tsufa. Nemi mai duka biyun. Ranar da batir ya ƙi, igiya na nan.

Abin da ya fi damuna shi ne baƙin mai. Mutane da yawa SAE 40 suke zubawa, mai kauri, wanda sanyi ke ƙara wa nauyi har igiya ta yi tauri a hannu. Kamfanin Honda kuwa 10W-30, wanda bai kai SAE 40 kauri a sanyi ba, ya ba da shawara a zuba wa injinansa na GX, kuma za ka ji bambancin tun a jan farko. Ƙurar hunturu kuma tana toshe matatar iska, saboda haka ɗauki injin da za ka iya buɗe matatarsa ba tare da kiran makaniki ba. Fetur ɗin da ya yi wata da watanni a kafireta shi ma yana yin danƙo ya toshe hanya.

Idan na hannu za ka saya, je da sassafe, ka taɓa jikinsa ka tabbatar ba a ɗumama shi kafin zuwanka ba, sannan ka ce a tayar a gabanka. Kuma don Allah, komai tsananin sanyi kada ka tayar da shi cikin ɗaki ko zaure a rufe. Hayaƙinsa na kashe mutane cikin barci.