Ƙananan tarwada masu cin gansakuka: wanne ya dace da akwatin kifinka a Kaduna?

Idan gilashin akwatin kifi ya fara yin kore, mai shago zai ce maka ka sayi "mai share gilashi". Matsalar ita ce kifaye daban-daban ne ake sayarwa da wannan suna, duk suna da baki mai mannewa a gilashi, kuma suna ƙanana da wuya ka bambanta su. Bayan shekara ɗaya ne bambancin ke fitowa.

Mafi ƙanƙanta shi ne Otocinclus, ɗan Kudancin Amurka, wanda ba ya wuce santimita 4 zuwa 5. Wajen cin gansakuka mai laushi, kore da kuma ruwan ƙasa-ƙasan nan da ke kwanciya a kan ganye, babu kamarsa, kuma ba ya ɓata tsiro. Amma shi ne mafi saurin mutuwa. Galibinsu daga kogi ake kamo su, kafin su iso shago sun daɗe ba su ci ba. Ka jira ya manne a gilashi ka dubi cikinsa: idan ya ɗan taso ya yi zagaye, yana cin abinci, idan ya lotsa ciki, bar shi ko da an rage maka kuɗi. Ba ya son zaman kaɗaici, sai shida ko fiye, a akwatin da bai gaza lita 60 ba, wanda ya yi aƙalla wata uku yana aiki. A sabon akwati babu abin da zai lasa, yunwa ce za ta kashe shi.

Na biyu Ancistrus, mai gemu. Yana kai santimita 10 zuwa 15, namiji na fitar da tsiro-tsiro a hanci idan ya girma. A ganinmu shi ya fi dacewa da yawancin gidajen Kaduna, domin a akwati ake hayayyafa shi, ya saba da abincin kanti, kuma ya fi Otocinclus jure canjin ruwa da na zafi. Yana son lita 80 zuwa sama, da kogon ɓuya, da guntun icen akwatin kifi da zai riƙa gurza. Kada a jefa masa kowane ice daga bayan gida, ɗanyen ice na iya ɓata ruwa. Maza biyu a ƙaramin akwati faɗa za su yi, ɗaya ya isa. Yana da yawan kashi, don haka matatar ruwan akwatinka ta zama mai ƙarfi.

Wanda za ka guda shi ne pleco na gama-gari. Ana sayar da shi kamar ɗan yatsa, amma yana kai santimita 30 zuwa 45, ya tumɓuke tsirrai, ya cika ruwa da datti, cin gansakukar ma ya ragu. Ga yadda ake gane shi: idan ya buɗe fiffiken da ke gadon bayansa ka ƙirga sandunan da ke ciki. Pleco na gama-gari nau'in Pterygoplichthys na da 10 ko fiye, Ancistrus kuwa 7 zuwa 8, kuma kansa ya fi faɗi. Wanda ya riga ya saya ya gagare shi, ya mayar wa mai shago ko ya ba mai babban tafki. Kada a sake shi a Kogin Kaduna. A Filifin da jihar Fulorida ta Amurka irin wannan sakin ya sa ya zama annoba, yana haƙa ramuka a gaɓar ruwa. A kuma guji wanda ake kira mai cin gansakuka na Sin: ba tarwada ba ne, kuma da ya girma yakan koma tsotsar jikin sauran kifaye. Corydoras kuwa, wata ƙaramar tarwada, ragowar abinci yake tsinta a ƙasa, ba ruwansa da gilashi.

Kafin ka yanke shawara, duba wutar unguwarku. Kifayen nan na ruwa mai gudu ne mai yawan iska. Idan aka ɗauke wuta na sa'o'i, matatar ruwa ta tsaya, iska ta ragu, ƙwayoyin bakteriya da ke narkar da dattin kifi su fara mutuwa. Famfon iska mai batir ko mai caji ya zama dole, a saye shi tun kafin kifin. Zafin da suke so digiri 23 zuwa 26 ne. A Maris da Afrilu ruwa na iya haura 30, sai a ɗaga murfi kaɗan, a sa fanka ta hura saman ruwan. Da hunturu kuma, a Disamba da Janairu, ruwa na hucewa da dare. Na'urar ɗumama ruwa ta kusan wat 1 ga kowace lita ta wadatar. Inda wuta ba ta da tabbas, a haƙura da Otocinclus.

Ranar da ka kawo shi, ajiye ledar a saman ruwa minti 20, sannan ka riƙa zuba ruwan akwatinka kaɗan-kaɗan a ciki har awa ɗaya. Ka ɗebo Ancistrus da kofi, ƙayoyin kumatunsa na sarƙewa a raga. Ruwan ledar kada ya shiga akwati.

Gansakuka ita kaɗai ba ta riƙe su. A tsoma yankan kokwamba, kabewa ko ganyen alayyafo a tafasasshen ruwa minti ɗaya ko biyu, ya huce, a soke shi da cokali mai yatsu don ya nitse, a sa da magariba, a cire washegari kafin ya ruɓe. Sau biyu ko uku a mako ya isa, a haɗa da ƙwayar abinci mai nitsewa. A canja kwatan ruwa duk mako. Ruwan famfo a ɗiga masa maganin kashe kulorin, na burtsatse a bar shi ya kwana a bokiti don zafinsu ya daidaita. Gishiri mai yawa da magani mai sinadarin tagulla na cutar da su, a karanta jikin kwalba.

Baƙar gansakuka mai gashi da doguwa mai kama da zare, babu ɗaya cikin kifayen nan da zai ci su sosai. Maganinsu shi ne a janye akwatin daga taga, a rage fitila zuwa awa 6 ko 8, a kuma rage abincin da ake zubawa.