Wuƙar Tsigar Gashin Ƙananan Karnukan Teriya: Ra'ayina Bayan Shekara Guda Ina Aiki da Ita

Shekara guda ke nan cur da na sayi wani ƙunshin kayan gyaran gashin kare, kuma sai yanzu nake ganin na isa in faɗi ra'ayina a kansa, domin ba a gane ingancin kaya irin waɗannan a mako ɗaya ko biyu. Sai gashin da aka tsige ya sake tsirowa ake sanin ko gyara aka yi ko ɓarna. Abubuwa huɗu ne a cikin ƙunshin: wuƙa mai manyan haƙora, wata mai ƙananan haƙora, ɗan dutse mai kaushi, da safar yatsa ta roba guda goma. A jikin kwalin an rubuta cewa kayan sun dace da kowane irin ƙaramin karen teriya, kuma wannan da'awar ce babban abin da nake da ja a kansa, ko da yake kayan kansu sun yi mini amfani ƙwarai.

Karen da nake gyarawa ɗan jinsin teriya na Border ne mai shekara huɗu. Asalin wannan jinsi daga tsaunukan iyakar Ingila da Skotland ne, inda aka riƙa kiwonsa domin ya bi mahaya dawaki a farautar yanyawa, ya kuma shiga rami ya fito da ita, kuma ƙungiyar Kennel Club mai rajistar jinsunan karnuka a Birtaniya ta amince da shi a matsayin jinsi mai zaman kansa a 1920. Kalmar teriya ma daga kalmar Latin mai nufin ƙasa ta samo asali, wato karen da ke aiki a cikin rami. Karen da aikinsa ke nan yana buƙatar riga biyu, shi ya sa gashinsa hawa biyu ne: na ciki gajere ne mai laushi mai riƙe ɗumi, na waje kuwa mai kaushi ne kamar waya, ruwa yana zamewa a kansa, laka kuma da ta bushe sai ta kakkaɓe da kanta.

Abin da ban sani ba a farko, kuma shi ne dalilin da ya sa aka ƙera wannan wuƙa tun asali, shi ne cewa gashin wajen ba ya zuba da sauƙi idan ya mutu. Yakan yi tsawo zuwa wani mizani, sai ya daina girma, ya saki daga tushe amma ya ci gaba da zama a cikin raminsa. A da ƙaya da sarƙaƙiya ne ke fizge shi a wajen farauta, to karen da ke kwana a ɗaki ba shi da mai yi masa wannan aiki sai mai shi. Kowane silin gashi kuma yana da kauri da cikakken launi ta wajen bakinsa, yana sirancewa yana kuma kodewa ta wajen tushe. Saboda haka idan aka sa injin aski, ɓangaren mai kauri da launi ne ake yankewa, a bar siririn mataccen gindi ya tare wa sabo hanya. Sau biyu aka yi wa karena irin wannan aski a wani wurin gyaran karnuka kafin in fahimci haka, kuma da idona na ga jan bayansa ya koma fari-fari, gashin ya yi laushi kamar auduga, ruwan sama kaɗan ya taɓa shi sai ya jiƙe har fata. Ban ga laifin mai askin sosai ba, tunda abin da na ce a yi shi aka yi.

Duk da sunanta, wannan wuƙa ba don yanka aka yi ta ba, kuma mai kyau a cikin irinta ita ce dakusasshiya. Aikinta kawai ta taimaki babban yatsa wajen kama 'yan silin gashi kaɗan, a ja su su fito daga tushe. A nan ne na samu aibi na farko: mai manyan haƙoran ta zo da sauran kaifi a tsakanin haƙoranta. Na gane haka ne da na shimfiɗa gashin da ta ciro a kan farar takarda, na ga da yawa a cikinsa gajeru ne masu yankakken baki, alhali wanda aka tsige daidai yakan fito da tsawonsa duka. Sai da na yi ta goga ta a kan bulo na ɗan lokaci kafin ta daina yanka. Masu wannan sana'a sun saba dakusar da sabuwar wuƙa kafin su taɓa kare da ita, amma sabon shiga da bai san haka ba zai yi wa karensa askin da yake gudu da hannunsa, yana zaton tsiga yake yi, kuma ko layi ɗaya na gargaɗi babu a cikin kwalin.

Da ta dakushe kuwa, ban da abin cewa sai yabo. Tana da nauyi daidai hannu, ƙarfenta bai yi tsatsa ba duk da yawan wankewa, kuma tazarar haƙoranta ta dace da baya da kafaɗu da gefen jiki, inda gashi ya fi yawa ya fi kauri. Yadda nake yi shi ne in tattare fatar da hannun hagu ta miƙe, in kama gashi kaɗan ta bakinsa tsakanin yatsa da wuƙa, in ja shi ta inda ya kwanta, ba tare da na murɗa wuyan hannu ba, domin murɗawar ce ke karya gashi. Idan gashin ya isa tsiga, karen ba ya ko ɗaga kai, wani lokaci har barci yake yi a kan tebur. Idan kuwa ya zabura ko ya waiwayo, to ko dai na kama da yawa ne ko gashin wurin bai mutu ba tukuna, sai in bar shi zuwa wani mako. Mai ƙananan haƙoran ta fi dacewa da kai da wuya da bayan kunne, inda ake son gashi ya kwanta luf. Ciki da ƙarƙashin wutsiya da tsakanin yatsun ƙafa kuwa ba na kai musu wuƙa ko kaɗan, almakashi mai dunƙulallen baki nake sawa, saboda fatar wurin ba ta da kauri.

Mariƙin wuƙaƙen bai gamsar da ni ba. Siriri ne kuma yana da santsi, bayan rabin awa sai tafin hannu ya fara zafi, har sai da na naɗa masa tsumma. Haka kuma haƙoran gefe ɗaya suke fuskanta, wato bahago ba zai iya aiki da su ba, kuma ba a faɗi haka a jikin kwali ba. Dutsen yana da amfani wajen kwashe mataccen gashin ciki da daidaita inda wuƙa ta bari, sai dai yana marmashewa, dole a kakkaɓe kare bayan an gama. Abin mamaki, safar yatsar da na raina ita ta fi komai yi mini aiki a fuska da kunnuwa, domin yatsa yana jin abin da ƙarfe ba ya ji, amma goman duka sun yayyage cikin wata uku. Da sun haɗa da garin alli, wanda ke hana gashi zamewa, da ƙunshin ya fi haka cika.

Game da lokaci, yawancin masu karen Border sau biyu a shekara suke tsige shi gaba ɗaya, wanda kan ɗauki awanni, ya kuma bar kare da rigar ciki kawai na wasu makonni. Ni na zaɓi ɗaya hanyar, wato in cire mafi tsawo kaɗan-kaɗan kowane mako ko biyu, ta yadda kullum akwai gashi mai tsufa da mai tasowa a jikinsa. Ba na yi masa wanka gab da tsiga, saboda gashi mai tsabta yana zamewa, ba na kuma yi nan da nan bayanta, tunda ramukan gashin a buɗe suke kuma sabulu na iya jawo ƙuraje. Kare mai irin wannan gashi ma ba ya son yawan wanka, kuma sabulun mutane bai dace da fatarsa ba.

Sauran maganar ita ce ta "kowane irin teriya". Ga jinsin Cairn na tsaunukan Skotland kayan sun dace, haka ma Norwich da Norfolk, waɗanda jinsi ɗaya ne a rajistar Birtaniya har 1964, lokacin da aka raba su bisa tsayuwar kunne, na Norwich a miƙe, na Norfolk a lanƙwashe. Farin teriya na West Highland shi ma gashinsa hawa biyu ne mai kaushi, amma jinsi ne da aka sani da yawan ciwon fata da ƙaiƙayi, don haka wanda karensa ke yawan susa ko fatarsa ta yi ja ya fara ganin likitan dabbobi kafin ya ja masa ko sili ɗaya. Da yawa daga masu irinsa ma aski suke zaɓa saboda wannan dalili, kuma ban ga abin zargi a ciki ba.

Jack Russell, wanda ya ci sunan wani limamin coci na yankin Devon a Ingila da ya rasu a 1883, iri uku ne ta fuskar gashi: mai santsi, mai kaushi, da na tsaka-tsaki. Biyun ƙarshe ana tsige su, mai santsin kuwa buroshin roba ya ishe shi, ko da yake ya fi su zubar da gashi a kan kujera. Bedlington gashinsa a nannaɗe yake, gaurayen laushi da kaushi, kuma almakashi da inji ne kayan aikinsa.

Inda da'awar kwalin ta zama haɗari sosai shi ne a kan Yorkshire. Wannan ɗan kare, wanda nauyinsa bisa ƙa'idar jinsin bai wuce kilo 3.2 ba, hawa ɗaya ne gashinsa, mai sulɓi kamar siliki, babu na ciki, kuma yana ci gaba da tsawo kusan yadda gashin mutum yake yi. Ba shi da mataccen gashin waje da ke jiran a cire, saboda haka duk wanda ya kai masa wannan wuƙa rayayyen gashi zai tumɓuke, ya sa shi kuka. Abin da yake buƙata shi ne a taje shi kullum da mataji na ƙarfe bayan an ɗan fesa masa ruwa don kada gashin ya karye, a warware duk inda ya cukurkuɗe a bayan kunne da hammata, a ɗaure ko a rage na goshi don kada ya shiga ido, a kuma yi masa wanka fiye da yadda ake yi wa masu kaushi. Ko ɗaya daga cikin kayan nan huɗu ba ya cikin wannan aiki.

Ko a cikin masu gashin waya ma ba kowanne wuƙar za ta yi wa amfani ba. Karen da aka daɗe ana yi wa aski, ko wanda gashinsa ya yi laushi bayan an yi masa fiɗiya, kamar yadda yakan faru da wasu, ko tsohon da ba ya iya doguwar tsayuwa, tsiga na iya zame masa wahala zalla. Nawa da aski biyu kawai aka yi masa sai da ya kai kusan wata takwas kafin jan bayansa ya dawo, kuma har yau akwai wani ɗan wuri a cinyarsa ta dama da gashin bai koma yadda yake a da ba, wanda da yatsa kawai nake bin sa duk mako.