I2C ko SPI, wanne za a ɗauka?

Ɗaliban da ke sayo kayan lantarki a Sabon Gari sun ishe ni da wannan tambayar. Dukansu biyu hanyoyi ne da firosesa, wato ƙwaƙwalwar na'ura, ke bi ya yi magana da ƙananan na'urorin da aka haɗa masa. I2C, wanda Philips ta fitar a 1982, waya biyu kacal yake ci, na'urori da yawa su hau kansu, kowace da adireshinta. Sai dai ba shi da gudu sosai: kilobit 100 ko 400 a daƙiƙa aka saba. Ka manta resistoci biyun da ke haɗa wayoyinsa da layin wuta kuwa, sai ka wuni kana zargin firosesa, alhali lafiyarta lau.

SPI na Motorola akwai gudu, amma waya huɗu ne, kuma kowace ƙarin na'ura sai ta cinye ƙafa guda ta firosesa.

Mai haɗa ma'aunin zafi da agogo, I2C ya wadatar da shi. Mai sikirin mai launi ko katin SD, SPI ne nasa.