Katunan Hoki a Kanada: Mai Lasisi, Mara Lasisi da Jabu

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da su Hajiya. Ka ce in riƙa rubuto maka yadda kayan kasuwar ƙasar nan suke, tunda kai ɗan kasuwa ne, ba ka ganin haja ka wuce ba ka tambayi asalinta ba. Yau zan tsaya a kan wata haja da ba mu da irinta a Kano, wadda ni ma na daɗe da shiga tara ta: katunan 'yan wasan hoki, wato ƙwallon gora da ake bugawa a kan ƙanƙara.

Ɗan kwali ne da bai cika tafin hannu ba, gabansa hoton ɗan wasa, bayansa lissafin wasannin da ya buga da ƙwallayen da ya ci. A nan Toronto yara na tarawa, dattawa masu furfura ma na tarawa. Duk shekara idan kakar wasa ta ƙarato, wajen watan Oktoba, shagunan kofi na Tim Hortons sukan fito da ƙunshi mai kati uku, har su ware wani dare da mutane za su cika shagon suna musaya. Shi kansa Tim Horton ɗin da aka sa wa shagunan sunansa ɗan wasan Toronto Maple Leafs ne, ya rasu a haɗarin mota a 1974. Daga nan za ka gane yadda wasan ya shiga jinin mutanen ƙasar.

Abin da ya raba kasuwar gida biyu shi ne lasisi. Babbar gasar hoki, NHL, tana da ƙungiyoyi 32, bakwai daga ciki a Kanada, kuma ita ke da iko da sunayen ƙungiyoyin da tambarinsu. 'Yan wasan da ke bugawa a yanzu su ma suna da ƙungiyarsu ta ƙwadago, NHLPA, wadda ke ba da izinin amfani da fuskokinsu a dunƙule. Duk mai son buga katin ɗan wasa sanye da rigar ƙungiyarsa, tambari a ƙirji, sai ya sami yardar ɓangarorin biyu ya biya. A shekarun 1990 kamfanoni da yawa ne ke da wannan izini: Pro Set, Score, Topps, O-Pee-Chee, Fleer da sauransu, har kati ya yi yawa ya rasa daraja. Amma tun 2014 kamfani ɗaya tak ya rage, Upper Deck na Kalifoniya, bayan da kamfanin Panini ya fita. Idan ka juya katinsa za ka ga tambarin NHL da na NHLPA a ƙasa, da ɗan hatimi mai ƙyalli na kamfanin.

Na san kai da ka ji "mara lasisi" zuciyarka za ta tafi ga jabu, don haka muka saba a kasuwanninmu. A nan ba haka ba ne, kuma wannan ne ainihin abin da ya sa na zauna rubuta maka. Akwai kamfanoni masu rajista, suna biyan haraji, suna biyan ɗan wasa kuɗinsa hannu da hannu ya sa musu hannu a kan kati, abin da kawai ba su da shi shi ne izinin gasar da na ƙungiyar 'yan wasan. Babba a cikinsu shi ne Leaf na jihar Texas, wanda a 2014 ya haɗiye wani kamfanin Kanada mai suna In The Game. Katinsu sai ka ga ɗan wasan da ka sani, kalar rigarsa daidai, amma an goge tambarin da kwamfuta, ƙirjin ya zama fili. Maimakon Canadiens, sunan ƙungiyar birnin Montreal, sai a rubuta Montreal kawai. Ka tuna wasan PES da yara ke bugawa a shagunan gem, inda Manchester United ta zama Man Red, Chelsea ta zama London FC? To, haka yake. Wasan na gaskiya ne, kamfanin na gaskiya ne, sunan ne ba a saya ba.

Ta fuskar kuɗi kam mai lasisi ne a gaba, nesa ba kusa ba. Abin da masu tarawa ke rububi shi ne katin shekarar farko ta ɗan wasa a NHL, kuma a zamanin nan wanda aka fi yarda da shi shi ne jerin da Upper Deck ke kira Young Guns, guda shida a babban kwalin da ake sayarwa a shagunan kati. Na Connor McDavid na kakar 2015-16 har yau ana nemansa. Da na Connor Bedard na Chicago zai fito a watan Maris na 2024, wani babban dillali a Amurka ya sa ladar dala miliyan ɗaya ga duk wanda ya tsinci wani samfurinsa mai ruwan zinare da aka buga guda ɗaya rak. Alhali Bedard yana da katuna tun yana yaro a ƙungiyar matasa ta Regina Pats, amma kasuwa ba ta ɗauke su a bakin katin farko ba, tunda bai sa rigar NHL ba tukuna. Idan wanda ke da tambarin ƙaramar ƙungiya bai samu shiga ba, ina ga wanda ba shi da tambari sam? Shi ya sa in ka kai katin Leaf wurin mai shago sai ya taya shi ƙasa da takwaransa mai lasisi, ko da sa hannun mutum ɗaya ne a kansu.

Duk da haka ni ban yarda a raina mara lasisi ba, kuma a cikin abin da na tara yana da babban gurbi. Dalilina shi ne tsofaffin jarumai. Kamfanin da ba shi da izinin buga sababbin taurari a dunƙule dole ya nemi wata hanyar jan mai saye, sai ya koma ga waɗanda suka yi ritaya da kayan da suka yi wasa da su. Za su sayi tsohuwar riga ko sanda ko safar hannu a gwanjo, su yanka ƙanana su manna a cikin kati, su buga adadi kaɗan, wani sa'in guda biyar, wani sa'in biyu. Mai ƙaramin ƙarfi irina ta wannan ƙofa yake samun sa hannun mutumin da sunansa ke Zauren Jaruman Hoki da ke nan Toronto, a farashin da zai iya. Sannan kasuwar da mai sayarwa ɗaya ne a cikinta, kai ka fi ni sanin halinta: shi zai yanka farashi, shi zai zaɓi ranar fitowa, mai saye ba shi da wata rumfar da zai juya. Ƙananan kamfanonin nan su ne ɗan numfashin da ya rage.

Yankan kayan tarihin kuwa yana sosa min rai, ba zan ɓoye ba. Tun In The Game na da lasisi ya sayi kariyar ƙafa ta Georges Vézina, golan Montreal da ya rasu a 1926, ya yayyanka ta ya raba cikin katuna, mutane suka yi ta surutu. Ni ina tare da masu surutun. Rigar da ɗan wasa ke da irinta goma a yanka, ba komai, amma abin da babu na biyunsa gidan tarihi ya dace da shi.

Jabu shi ne kashi na uku, kuma shi ne abin tsoro. Katin farko na Wayne Gretzky, lamba 18 a jerin O-Pee-Chee na 1979-80, wanda aka buga a garin London na lardin Ontario ana cusa shi cikin ƙunshin cingam, an sayar da wani lafiyayye daga cikinsa dala miliyan 3.75 a 2021. Kuɗi irin wannan ba ya rasa ɓarayi. Masana kan duba gefen katin, don na asali yankansa ba sumul yake ba, su kuma nemi wani ɗan ɗigo rawaya a kafaɗar rigar. Amma ba da ido kaɗai ake dogara ba. Akwai kamfanonin tantancewa, irin su PSA da Beckett, da za ka aika musu kati su bincika, su ba shi maki daga 1 zuwa 10, su rufe shi cikin roba mai lamba wadda kowa zai iya dubawa a intanet. Wannan hidima ce da na yi sha'awarta ƙwarai. Su kansu katunan Leaf ana tantance su a rufe, jabu ne ake dawo da shi haka nan.

Yanayin cinikin ma daban ne. A shago farashin da ke jiki shi ne, babu albarka babu ragi, kuma a wurin biya sai an ɗora harajin Ontario na kashi 13 cikin ɗari. Sai a babban baje kolin kati da ake yi sau biyu a shekara a Mississauga, dab da filin jirgin sama, ake taya kaya a yi ja-in-ja, musamman ga mai tsabar kuɗi a hannu. Can nake zuwa sayayya, kuma ɗaiɗaiku nake saye, wanda idona ya gani. Rufaffen kwali mai tsada da ba ka san abin da ke ciki ba, da wanda ake haɗa kuɗi a intanet a fasa kowa ya jira rabonsa, hankalina bai kwanta da su ba, don sun yi kusa da caca, kuma na ga yadda suke cinye albashin samari.

Batun ko hajar za ta karɓu a gida, amsata a'a ce, tunda babu mai kallon hoki a wajenmu, kuma darajar kati tana ga masu son ɗan wasan. In ma za a gwada, sai dai katunan ƙwallon ƙafa, inda Topps ke riƙe da lasisin Gasar Zakarun Turai. Zan sa maka ƙunshi kaɗan nasu cikin saƙon da zan aiko, tare da katin hoki biyu na ɗan wasa ɗaya, mai tambari da mara tambari, ka jera su ka gani da idonka. Ka ajiye su nesa da rana da laimar damina, don kwalin na lanƙwashewa. A gaida mutanen gida baki ɗaya.