Sabon Player's Handbook na 2024: gyaran harshe ne ko tace littafi?

Masu zaman Dungeons & Dragons (wasan tebur da kowa ke jan jarumin da ya ƙirƙira cikin labari, ana jefa dayis) a Abuja, daga Gwarinpa zuwa Wuse, sun daɗe suna gardama kan Player's Handbook, littafin dokokin 'yan wasa da kamfanin Wizards of the Coast ya fitar a Satumban 2024. Shafi 384 ne, kuɗinsa dala 49.99 banda kuɗin aikowa daga waje, don haka a san abin da za a saya.

Tushen gardamar kalma ɗaya ce. Tun Disamban 2022 kamfanin ya ce zai daina kiran halittun wasan irin su elf da dwarf da orc "race", ya koma "species". A teburin Bahaushe wannan bai tsinana komai ba, duka biyun "jinsi" muke cewa. Ainihin sauyin yana cikin lissafi. A bugun 2014 jinsi ne ke ƙara wa jarumi makin ƙarfi ko basira. Yanzu ƙarin ya koma kan sana'ar da ya taso a ciki, guda 16 ne: ko dai +2 da +1, ko +1 sau uku, cikin halaye ukun da sana'ar ta ware. Soja, alal misali, ƙarfi da zafin nama da juriya kawai ya samu. Mun yaba wannan ƙwarai. Ba daɗi a ce wa ɗan wasa an haifi jinsinsa da ƙarancin hankali, musamman a ƙasar da muka san inda irin wannan magana ke kai mutane.

Ga inda ake tafka kuskure: mutum ya ɗauko jinsi daga tsohon littafi, ya haɗa da sabuwar sana'a, ya ci ƙarin sau biyu. Dokar ita ce a yi watsi da ƙarin tsohon jinsin. Mai jan ragamar wasa ya duba takardar kowa kafin a jefa dayis na farko.

Masu kukan an tace littafi ba a banza suke yi ba. An cire ruwa-biyun nan, rabi mutum rabi elf da rabi mutum rabi orc, daga jinsuna goma na littafin. Wannan ya yi mana ciwo, domin ɗan da uwa da uba suka fito daga gida daban-daban labarin unguwanninmu ne. Sai dai sauya suna ba sabon abu ba ne a wasan: a bugu na biyu na 1989 an ɓoye shaiɗanu a bayan sunaye irin su baatezu saboda korafin iyaye a Amurka.

Wanda zai saya ya fi kyau ya nemi na takarda. Na D&D Beyond, shafin intanet na wasan, kamfani na iya gyara rubutunsa bayan ka biya, kamar yadda ya yi wa bayanin jinsin Hadozee a 2022. Mai tsohon littafi kuma kada ya sayar, har yanzu a can zai samu ruwa-biyunsa.