IPS ko VA: Wane Allon Kwamfuta Ya Dace da Mai Ƙaramin Ƙarfi?

Idan aljihu bai da nauyi kuma kana son allon kwamfuta mai kyan hoto, galibi zaɓinka tsakanin IPS da VA yake, wato nau'o'i biyu na fasahar da ake ƙera fuskar allon da ita. A jikin kwali duka biyun kan rubuta 1920 x 1080, wato yawan ɗigon da ke haɗa hoton a kwance da a tsaye, amma ka jera su ka kunna, idonka zai raba gardama.

Ƙarfin IPS a launi yake. Ko ka karkata gefe, ko ku biyu kuke kallo, ja yana nan ja, fuskar mutum ba ta koɗewa. Rauninsa baƙi ne. Tazarar haske da duhu a wurinsa kusan 1000:1 ce, shi ya sa da ka kashe fitila baƙin zai koma toka-toka, kusurwoyi su riƙa ɗan ƙyalli.

VA kuwa yakan kai 3000:1, hoton dare ya fito baƙi ƙirin. Sai dai masu arahar cikinsu suna da nawa wajen sauya launi: ka gangara da farin rubutu a kan baƙin shafi, za ka ga inuwa tana bin haruffa. Mai wasan kwamfuta na sauri zai ji haushin wannan sosai.

Ni dai ga mai rubutu, lissafi ko gyaran hoto, IPS mai inci 24 nake zaɓa. A wannan girman harafi yana fita tsaf, amma 1080 a kan inci 27 ɗigo-ɗigonsa kan bayyana idan ka zauna kusa. Wanda kallonsa na dare ne a ɗaki mai duhu, ya ɗauki VA.