Casio fx-991ES PLUS a hannun ɗan Tarminal: SOLVE na aiki, amma amsa ɗaya yake bayarwa

Cikin kalkuletocin da ɗaliban Tarminal C da D (ajin ƙarshe na sakandare, ɓangaren kimiyya) ke saya a Marwa da Garwa a Kamaru, Casio fx-991ES PLUS ce ta fi dacewa da babin logaritim. Tana rubuta lissafi kamar yadda yake a littafi, tana aiki da hasken rana da ƙaramin batir LR44, ga murfi da ke kare allo daga ƙura. Ta cancanci kuɗinta, in dai ta asali ce, domin jabu ta yi yawa a kasuwa. Sai dai akwai wurare biyu da take kayar da mai gaggawa.

Na farko shi ne madannan logaritim, waɗanda uku ne: ln, da log, da mai gurbi biyu inda kake sa tushen da kake so. A wannan na'ura log shi kaɗai tushe 10 ne, ln kuma tushe e, wato kusan 2.718. Haka littattafan tsarin Faransanci ke rubutawa, don haka ɗan lise, wato ɗan sakandare, ba ya shan wahala. Rikicin na zuwa ne idan an kwaso aikin daga littafin jami'a na Turanci, inda sau da yawa log na nufin tushe e, ko daga darasin kwamfuta, inda akan nufi tushe 2. A Python, math.log tushe e ne. A Excel, LOG tushe 10 ne. Kalkuleta ba ta tambayar wanne marubucin ke nufi.

Bambancin ba ƙarami ba ne. Ɗauki log x = x − 2. Da tushe e, amsoshin su ne kusan 0.1586 da 3.1462. Da tushe 10, sun koma kusan 0.0102 da 2.3758. Kafin ka taɓa madanni, duba farkon babin ka ga abin da marubucin ya ayyana. In bai faɗa ba, ga alama: duk inda aka ce deribe ɗin log x, wato ma'aunin saurin canjinsa, shi ne 1/x, tushe e ake nufi, domin na tushe 10 shi ne 1/(x ln 10).

Na biyu shi ne SOLVE, wato aikin da ke nemo maka x, kuma nan ne ya kamata a tsaya. Irin ln x = x − 2 ba ya warwaruwa da dokokin logaritim, tunda x na ciki kuma yana waje. A MODE 1 ka rubuta ln(X), ka sa alamar daidai da ALPHA da CALC (ba babban madannin = na ƙasa ba), ka rubuta X − 2, sannan SHIFT da CALC. Na'urar za ta nemi lambar farawa. Ka ba ta 3, ta kawo 3.1462, a ƙasa ta nuna L−R, wato tazarar da ta rage tsakanin ɓangarorin biyu. In sifiri ne ko dab da shi, amsar ta zauna. Abin da ba za ta gaya maka ba shi ne akwai amsa ta biyu.

Dalili kuwa, hanyar Newton take bi: daga lambar da ka ba ta, sai ta cire f(x)/f′(x), inda f(x) shi ne bambancin ɓangarorin biyu, f′(x) kuma deribe ɗinsa, ta maimaita har ta tsaya wuri ɗaya. Saboda haka aikin takarda ne ke gaba. Sa f(x) = ln x − x + 2, x ya fi sifiri. Deribe ɗinsa 1/x − 1 ne, yana zama sifiri a x = 1. Daga 0 zuwa 1 f na hawa, bayan 1 yana sauka, ƙololuwarsa f(1) = 1, sama da sifiri, kuma a gefuna biyu yana gangarawa ƙasa ba iyaka. Ke nan ya ratsa sifiri sau biyu cif, ɗaya kafin 1, ɗaya bayansa. Wannan jadawalin hawa da sauka shi ne mai maki a takardar bak, jarrabawar kammala sakandare, ba lambar da ke kan allo ba.

Shi ne kuma ke nuna inda za ka fara. A x = 1 deribe sifiri ne, ba a raba lamba da shi. Daga 0.5, f kusan 0.807 ne, deribe 1, taku ɗaya na Newton ya jefa ka −0.307, inda ln ba shi da ma'ana. Mummunan farawa irin wannan ne kan jawo saƙon Can't Solve, sai ɗalibi ya ɗauka babu amsa. Fara daga 0.1: takun farko 0.1447, daga nan zuwa 0.1586 ba nisa. Kada kuma ka amince da tsohuwar lambar da ta rage a X daga lissafin baya.

TABLE, a MODE 7, na taimakawa wajen ganin inda alama ta sauya: f(3) = 0.0986, f(3.5) = −0.2472. Amma layi 30 kawai yake ɗauka, kuma taku mai faɗin 0.5 na tsallake ƙaramar amsar, wadda ke tsakanin 0.1 da 0.2. Madannin d/dx kuwa lamba yake bayarwa a wuri ɗaya, misali −0.5 a x = 2; ba zai rubuta maka 1/x − 1 ba.

A kula da alamar baka, wato ( ). ln(X)² na nufin (ln x)², ln(X²) wani abu ne daban, kuma mai mayar da ln(x²) = 2 zuwa 2 ln x = 2 ya zubar da amsar −e. Masu rubuta 3,146 da waƙafi na iya sauya nunin a SETUP, amma shigarwa da ɗigo ne kullum. Na'urar ba ta ɗaukar furogiram. Duk da haka, a tambayi malamin lissafi ko an yarda da ita a ɗakin jarrabawa kafin a biya.